Yadda Ake Daidaita Agogon Kwamfuta da Lokacin Intanet

Agogon da ke gefen allon kwamfuta ba don duba lokaci kaɗai aka sa shi ba, domin kusan duk wata mu'amala ta tsaro da kwamfutar ke yi da waje a kansa ta dogara. Kowane shafin intanet mai kariya, irin na banki ko na imel, yana gabatar wa burauza takardar shaida mai ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare, ita kuwa burauza da agogon kwamfutar take auna waɗannan ranaku. Idan agogon ya ce ana shekarar 2012, takardar da aka bayar bana za ta zama a wurinta ba ta ma fara aiki ba, sai ta ƙi buɗe shafin, Chrome kuwa takan rubuta ƙarara cewa "Your clock is behind". Lambobin nan guda shida da manhajojin tabbatar da shiga asusu ke fitarwa suna canzawa duk bayan daƙiƙa 30, kuma da lokaci ake lissafa su, saboda haka na'urar da agogonta ya kauce da minti ɗaya ko biyu za ta riƙa ba da lambar da ba za a karɓa ba. A ofisoshin da ma'aikata ke shiga kwamfutocinsu ta tsarin tantance mai shiga da ake kira Kerberos, tazarar da aka saba yafewa tsakanin agogon ma'aikaci da na babbar kwamfutar ofis minti biyar ce, idan aka zarce haka shiga kan gagara ko da kalmar sirrin daidai take.

Abin da mafi yawan mutane ke yi idan suka ga agogon ya kauce shi ne su duba na wayarsu su gyara da hannu. Wannan gyara ba ya ɗorewa, wani lokaci ma yana ɓoye ainihin matsalar. Kaucewar agogon kwamfuta iri uku ce, kowace da maganinta, kuma daidaitawa ta intanet ɗaya kawai daga cikinsu take magancewa kai tsaye. Don haka a bi matakan nan bi da bi yadda suka zo.

Mataki na farko: a auna girman kuskuren

Kafin a taɓa kowane saiti, a kwatanta agogon kwamfutar da wanda aka amince da shi. Wayar hannu da aka bar ta tana karɓar lokaci daga kamfanin layi ta wadatar, amma ya fi kyau a buɗe shafin time.is a kan kwamfutar kanta, domin yana faɗin da daƙiƙa nawa agogon ya yi gaba ko ya yi baya. A duba kwanan wata da shekara ma, kada a tsaya a awa da minti.

Girman kuskuren shi ke nuna inda ciwon yake. Idan mintuna sun yi daidai amma awa ce ta bambanta, awa ɗaya cif ko takwas ko tara, to shiyyar lokaci ce ba a zaɓa daidai ba. Idan kwamfutar ta koma shekaru baya, ko kuma duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai a tarar da agogon ya tsaya a inda aka kashe ta, to ƙaramin batirin da ke cikinta ne ya mutu. Idan kuwa kuskuren na 'yan daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintuna, kuma yana ƙaruwa a hankali mako bayan mako, to agogon lafiyarsa lau, mai daidaita shi ne babu.

Mataki na biyu: a zaɓi shiyyar lokaci ta gaskiya

Lokacin da kwamfuta ke karɓa daga intanet lokacin duniya ne na bai ɗaya, wanda ake kira UTC, kuma babu ruwansa da garin da mutum yake. Kwamfutar ce da kanta take ƙara awanni ko ta rage gwargwadon shiyyar da aka gaya mata. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban UTC da awa ɗaya, Ghana tana daidai da shi, Sudan kuwa tana gabansa da awa biyu tun daga watan Nuwamban 2017.

A Windows 10 da 11 ana buɗe Settings, a shiga Time & language, sannan Date & time, a nemi wurin da aka rubuta Time zone. Mazaunin Kano ko Maraɗi ko Garwa ko Injamena zai zaɓi "UTC+01:00 West Central Africa", wanda a Windows na Faransanci yake fitowa da sunan "Afrique centrale - Ouest". Na Kumasi ko Ankara zai zaɓi "UTC+00:00 Monrovia, Reykjavik", na Sudan kuma ya zaɓi Khartoum.

A nan akwai tarkon da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi kama masu kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Jerin shiyyoyin yana ɗauke da garuruwa da yawa masu lambar UTC+01:00, irin su Faris da Balin, mutum sai ya ga lamba ɗaya ce ya zaɓi wadda ya fara gani. Amma ƙasashen Turai suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, abin da ƙasashenmu ba sa yi. Kwamfutar da ke kan shiyyar Faris za ta nuna lokacin Zindar daidai duk tsawon hunturu, sai a wayi gari a ƙarshen Maris ta yi gaba da awa ɗaya. Wadda ke kan shiyyar Landan akasin haka take yi: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba tana daidai da Najeriya, daga nan sai ta ja baya da awa ɗaya. Haka kuma Windows da aka ɗora sabo da Turancin Amurka sau da yawa yakan zauna a kan shiyyar gaɓar yammacin Amurka, wadda ke bayan Najeriya da awa takwas ko tara gwargwadon lokacin shekara.

Wanda ya bar shiyyar a karkace ya gyara awa da hannu ya ƙara dagula lamarin ne, domin abin da ke kan allo zai yi daidai alhali lokacin UTC da kwamfutar ke riƙe da shi a ciki ya kauce da awanni. Saƙonninsa za su riƙa fita da lokacin ƙarya, manhajar lokutan salla za ta iya rikicewa, kuma ranar da kwamfutar ta samu ta tuntuɓi intanet za ta mayar da agogon inda ya fito, mai ita ya yi zaton daidaitawar ce ke ɓata masa lokaci.

Mataki na uku: a tabbatar da batirin agogo

A jikin babban faifan da ke cikin kwamfutar tebur, wanda masu gyara ke ce wa bod, akwai wani batir mai faɗin kwabo, fari mai sheƙi, an rubuta CR2032 a bayansa, ƙarfinsa bolt 3. Aikinsa shi ne ya riƙe ƙaramin agogon cikin bod yana tafiya sa'ad da babu wuta. Muddin kwamfutar tana jone da wuta ba a cika jan batirin ba, shi ya sa a wuraren da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa yake saurin ƙarewa fiye da inda wuta ke tsayawa. Idan ya mutu, daidaitawa ta intanet za ta gyara agogon bayan an kunna, amma kowace safiya daga kuskure za a fara, kuma kafin gyaran ya zo burauza ta riga ta fara ƙorafi.

Canza shi a kwamfutar tebur ba shi da wuya. A kashe ta, a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi domin sauran wutar da ke ciki ta fita, sannan a buɗe murfin gefe. Kafin a sa hannu a ciki a taɓa ƙarfen jikin akwatin. Batirin yana kwance cikin wani ɗan zagayayyen gurbi, kuma a gefensa akwai siririn ƙarfe mai riƙe shi. Idan aka tura ƙarfen nan baya da farce, batirin zai ɗago da kansa. A sa sabo fuskar da ke da alamar + tana kallon sama, a danna har a ji ya kama. Bayan an kunna, a shiga saitin BIOS, wato saitin bod ɗin kansa, wanda a mafi yawan kwamfutoci ake shiga da F2 ko F10 ko Del tun kafin Windows ya buɗe, a sa kwanan wata da lokaci kusa da daidai, a adana. Laftof kuwa gara a kai wa mai gyara, domin a da yawa daga cikinsu batirin a naɗe yake da leda, da 'yar waya a jikinsa, kuma sai an kwance kusan rabin na'urar kafin a kai gare shi.

Yadda daidaitawar take aiki

Ko da batir sabo ne kuma shiyya daidai take, agogon kwamfuta ba ya tsayawa daidai da kansa. Yana ƙidaya ne da girgizar wani ɗan dutsen kwaz, wanda a agogon cikin bod yake girgiza sau 32,768 a daƙiƙa, kuma babu dutsen da ake yankawa ba tare da ɗan kuskure ba. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan, wanda abu ne da aka saba gani, yana nufin kusan daƙiƙa 1.7 a rana, wato kusan daƙiƙa 52 a wata, fiye da minti goma a shekara. Zafi ma yana da tasiri, domin irin wannan dutse an yanka shi ne ya fi daidaito a wajen digiri 25, kuma duk sanda zafi ya yi nisa da haka yakan rage sauri. Kwamfutar da ke cikin shago mai rufin kwano a watan Afrilu ta fi bukatar a riƙa tuna mata lokaci fiye da wadda ke ɗaki mai sanyi.

Hanyar da ake tuna matan ita ce ƙa'idar NTP, wadda Farfesa David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya tsara, aka fara wallafa bayaninta a 1985, kuma sigarta ta huɗu da ake amfani da ita yanzu ta fito a 2010. Mills ya rasu a watan Janairun 2024. Tsarin hawa-hawa ne. A can sama akwai agogunan atam da na'urorin da ke karɓar lokaci daga taurarin GPS, waɗanda ake lissafa su a matsayin hawa na 0. Kwamfutocin da ke jone da su kai tsaye su ne hawa na 1, masu karɓa daga waɗannan su ne hawa na 2, haka har zuwa 15, lamba 16 kuwa tana nufin ba a daidaita ba. Kwamfutar da ke raba wa wasu lokaci ita ake kira saba.

Wahalar da ke cikin aikin kamar ta wanda ya aiki yaro ya tambayo lokaci a maƙwabta ce: kafin yaron ya dawo da amsa, lokacin da aka faɗa masa ya riga ya wuce, sai an san tsawon tafiyarsa kafin amsar ta yi amfani. NTP tana warware wannan da lokuta huɗu. A ɗauka kwamfuta ta aika tambaya da ƙarfe 10:00:00.000 a agogonta, saba ta karɓa da 10:00:02.040 a nata agogon, ta mayar da amsa da 10:00:02.041, amsar kuma ta iso da 10:00:00.081 a agogon mai tambaya. Tafiya da dawowa sun ci milisakan 81, wato kashi 81 cikin dubu na daƙiƙa, idan aka cire milisakan ɗaya da sabar ta riƙe saƙon saura 80, sai a ɗauka 40 na zuwa ne, 40 na dawowa. Ke nan sa'ad da agogon saba ya nuna 02.040, na mai tambaya yana kan 00.040, an gano ya yi baya da daƙiƙa biyu cif. Raunin lissafin shi ne zaton cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya, abin da ba kullum yake tabbata ba, musamman a intanet ɗin wayar hannu. Duk da haka kuskuren ba ya wuce rabin tsawon tafiyar, shi ya sa ta intanet ake samun daidaito na 'yan gomman milisakan, wanda ya wadaci duk wani aikin gida da ofis. Ga mai lissafin data, saƙon NTP bayit 48 ne kacal, ko wata guda aka yi ana tambaya ba zai kai nauyin hoto ɗaya ba.

Mataki na huɗu: kunna daidaitawa a Windows

A wannan shafi na Date & time, a kunna "Set time automatically", sannan a gangara a danna "Sync now". Idan ya yi nasara, za a ga alamar dacewa da lokacin da aka yi daidaitawar ƙarshe da sunan sabar, wadda a asali time.windows.com ce. Ga mai kwamfutar gida, sau da yawa aikin ya ƙare a nan.

Sai dai Windows ba ya yawan tambaya idan an bar shi yadda ya zo. A Windows 7, misali, kwamfutar da ba ta cikin tsarin ofis sau ɗaya take tambaya a mako, kuma idan lokacin tambayar ya zo babu intanet, agogon ya ci gaba da kaucewa ke nan. Wanda ke son abin ya tsaya da ƙafarsa sai ya yi amfani da umarni. A rubuta cmd a wurin bincike, a danna dama a kan Command Prompt, a zaɓi "Run as administrator", sannan a fara da tambayar halin da ake ciki:

w32tm /query /status

A duba layin Source da na Last Successful Sync Time. Idan a gaban Source an ga "Local CMOS Clock", kwamfutar ba ta karɓar lokaci daga kowa, da agogon cikin bod kawai take tafiya. Idan kuma amsar ta ce hidimar lokaci ta Windows, wato Windows Time, ba ta fara aiki ba, a tayar da ita da net start w32time. Daga nan a ba ta sabobi fiye da ɗaya, a sa ta daidaita nan take:

w32tm /config /manualpeerlist:"0.pool.ntp.org,0x8 1.pool.ntp.org,0x8 2.pool.ntp.org,0x8" /syncfromflags:manual /update

w32tm /resync

A kula cewa sarari ne ke raba sunayen sabobin, kuma dukansu suna cikin alamar zance ɗaya. Alamar 0x8 da ke bin kowane suna tana sa Windows ya yi tambaya a matsayin mai karɓa, ya kuma riƙa zaɓar tazarar tambaya da kansa, wadda a kwamfutar gida take tsakanin kusan minti 17 da kusan awa tara. Domin kada hidimar ta riƙa kwanciya bayan kowace tambaya, a buɗe services.msc, a nemi Windows Time, a mayar da Startup type zuwa Automatic, sannan a ba da wannan umarni, wanda ke sa ta tashi duk sanda kwamfutar ta hau hanyar sadarwa:

sc.exe triggerinfo w32time start/networkon stop/networkoff

Kada a ɗauka an gama sai an gwada. Umarnin da ke ƙasa ba ya canza komai, yana auna tazarar da ke tsakanin agogon kwamfutar da na saba sau biyar ne kawai:

w32tm /stripchart /computer:time.windows.com /samples:5 /dataonly

Idan lambobin da suka fito ƙasa da daƙiƙa ɗaya suke, irin 00.03s, an dace. Idan saƙon kuskure ne ke fitowa a kowane layi, tambayar ba ta isa ga sabar, kuma bayanin wannan yana tafe. Gargaɗi ɗaya: kwamfutar ofis da ke cikin domen, wato tsarin da babbar kwamfutar ofis ke kula da shigar kowa, kada ma'aikaci ya canza mata saba, domin daga babbar kwamfutar ofis aka tsara ta karɓi lokaci, kuma dacewa da ita ya fi muhimmanci ga shiga aiki fiye da dacewa da waje.

Mac da Linux

A Mac ana buɗe System Settings, a shiga General, sannan Date & Time, a kunna saita lokaci kai tsaye. Sabar asali time.apple.com ce, kuma wanda ke son daidaitawa nan take zai rubuta sudo sntp -sS time.apple.com a Terminal.

A Linux, umarnin timedatectl shi kaɗai yana nuna komai: lokacin gida, lokacin UTC, shiyya, da layuka biyu da ake son gani, wato "System clock synchronized: yes" da "NTP service: active". Idan ba haka suke ba, a ba da waɗannan:

sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos

sudo timedatectl set-ntp true

Mazauna sauran ƙasashe za su sa Africa/Niamey ko Africa/Accra ko Africa/Douala ko Africa/Ndjamena ko Africa/Khartoum. Wannan ya isa ga kwamfutar aiki. Amma ga na'urar da intanet ɗinta ke zuwa yana yankewa, ko wadda za ta raba wa wasu lokaci, a ganina manhajar daidaita lokaci da ake kira chrony ta fi dacewa, domin tana koyon yawan kaucewar dutsen kwamfutar ta adana a fayil, ta ci gaba da gyara gudun agogon ko da intanet ya yanke na awanni. A Ubuntu da Debian ana ɗora ta da sudo apt install chrony, fayil ɗin saitinta kuma yana /etc/chrony/chrony.conf, a Fedora kuwa /etc/chrony.conf ne. Layuka uku ne ya kamata a tabbatar suna ciki:

pool pool.ntp.org iburst

makestep 1.0 3

rtcsync

Na farko yana zaɓo sabobi, kalmar iburst kuma tana sa a jero tambayoyi da sauri a farkon tashi. Na biyu yana ba da izinin a tsallakar da agogo gaba ɗaya idan kuskuren ya wuce daƙiƙa ɗaya, amma a gyare-gyare uku na farko kawai. Bayan su sai dai a riƙa ƙara masa sauri ko a rage a hankali har ya daidaita. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne mayar da agogo baya farat ɗaya yana iya rikita rumbun bayanai, har a ga an rubuta cinikin da ya zo daga baya kafin wanda ya riga shi. Na uku yana sa a riƙa kwafe lokacin daidai zuwa agogon cikin bod. Bayan an sake tayar da hidimar, a rubuta chronyc sources. Sabar da ke da alamar ^* a farkon layinta ita ake bi, masu ^+ suna taimaka mata, mai ^? kuwa ba a samunta. A ƙarƙashin Reach, lamba 377 tana nufin tambayoyi takwas na ƙarshe duk sun samu amsa.

Waɗanne sabobi za a zaɓa

Sunan pool.ntp.org ba kwamfuta ɗaya ba ce, tarin sabobi ne na masu sa kai daga ƙasashe daban-daban da ke aiki tun 2003, kuma tsarin yana ƙoƙarin tura mai tambaya ga waɗanda ke kusa da shi. Akwai kuma time.cloudflare.com da time.google.com da time.nist.gov. Saba ɗaya ba ta isa ba ga aiki mai muhimmanci, domin idan ta yi kuskure babu mai ƙaryata ta. Biyu kuma idan suka saɓa ba a san wadda za a bi ba. Daga uku zuwa huɗu ne rinjaye ke bayyana.

Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne kada a haɗa sabobin Google da sauran a jeri ɗaya. Saboda juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atam, akan ƙara daƙiƙa ɗaya a UTC lokaci-lokaci. An yi haka sau 27 tun 1972, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016. Sauran sabobi suna sanar da ƙarin a yi shi lokaci guda, Google kuwa yana baza daƙiƙar a cikin awa 24, don haka a irin wannan rana ɓangarorin biyu za su saɓa. An yanke shawara a 2022 cewa za a daina wannan ƙari nan da 2035, amma kafin nan ƙa'idar tana nan.

Idan daidaitawa ta ƙi

Mafi yawan gazawa daga ɗayan abubuwa uku take. Na farko, NTP tana bi ta ƙofa mai lamba 123 ta UDP, kuma wasu hanyoyin sadarwa na makarantu da otal-otal da ofisoshi suna rufe ta. Gwajin mai sauƙi ne: a jona kwamfutar da intanet ɗin wayar hannu a sake gwadawa, idan ta yi, matsalar daga hanyar farko take, sai a nemi mai kula da ita ya buɗe ƙofar ko ya faɗi sunan sabar cikin gida. Na biyu, idan kuskuren ya yi yawa ƙwarai manhajar kan ƙi gyarawa don gudun kada sabar ce ta ruɗe. Tsohuwar manhajar ntpd tana tsayawa idan tazarar ta wuce daƙiƙa 1,000, Windows na gida kuma iyakarsa ta asali awa 15 ce. A nan ne kaɗai gyara da hannu yake da muhalli: a kawo kwanan wata da awa kusa da daidai, sannan a bar intanet ya ƙarasa.

Na uku ya shafi masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Linux yana ajiye UTC a agogon cikin bod, Windows kuwa yana ɗaukar abin da ya tarar a can a matsayin lokacin gida, saboda haka duk sanda aka fito daga Linux aka shiga Windows a Najeriya ko Nijar sai a ga agogo ya yi baya da awa ɗaya. Mutumin Ghana ba zai taɓa ganin wannan ba, tunda lokacinsa da UTC ɗaya ne. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a ba Linux umarnin sudo timedatectl set-local-rtc 1. Zai yi gargaɗin cewa wannan tsari yana kawo matsala wajen canjin agogon bazara, irin wanda ƙasashen Turai ke yi, amma a ƙasashen da ba a canza agogo illarsa kaɗan ce.

Inda kwamfutoci suke da yawa

A cibiyar kwamfuta ko makaranta ko asibiti, ba dabara ba ce kowace na'ura ta riƙa fita waje neman lokaci. A zaɓi guda ɗaya wadda ba a cika kashewa ba, wadda ke kan inbata ko sola, a ɗora mata chrony, a ƙara mata layin allow 192.168.1.0/24 ko adireshin da ya dace da hanyar cikin gidan, da layin local stratum 10 domin ta ci gaba da raba lokaci ko intanet ya yanke. Sauran kwamfutoci sai a ba su adireshinta a madadin pool.ntp.org. Da haka ko waje ya yanke na kwana biyu, dukansu za su kasance a kan lokaci ɗaya, wanda shi ne abin da rajistar shiga da fita da bayanan ciniki suka fi bukata.

A sa na'urar naɗar hotunan kyamarorin tsaro a cikin wannan tsari, domin ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ranar da aka bukaci hotonta a matsayin hujja lokacin da ke rubuce a kansa shi za a fara tambaya. Mafi yawan irin waɗannan na'urori suna da gurbin NTP a shafin saitin lokaci: a kunna shi, a rubuta adireshin sabar cikin gida da ƙofa 123, a zaɓi shiyyar GMT+01:00 ko wadda ta dace da ƙasar, a kashe canjin agogon bazara mai alamar DST, sannan bayan mako guda a dawo a kwatanta lokacin da ke kan hoton da na time.is.